iPhone 12 tokumbo: mai batir 100 ko mai 83, wacce zan ɗauka?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin ranar Asabar. Ina sayar da atamfa da turaren wuta daga gida a nan Agege, duk cinikina ta WhatsApp ne, hoto da bidiyo. Wayata ta gaji, kuma na kwashi adashe, ₦340,000 ne a hannuna. Jiya ƙanena ya raka ni Computer Village, kasuwar waya ta Ikeja, mun ga iPhone 12 guda biyu a shago ɗaya, duk tokumbo (waɗanda aka yi amfani da su a ƙasar waje), duk 128GB. Ɗaya lafiyar batirinta kashi 100 cikin 100, mai shagon ya ce dubu 345. Ɗayar 83, ya ce 315. Ƙanena ya ce in cika dubu biyar in ɗauki mai 100 in huta. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Wayar da wani ya more ta a Turai, ta yaya batirinta zai zama kamar yau aka ɓare kwali? Mai 83 ɗin kuma za ta kai ni wane lokaci? Don Allah kar a ce in sayi Android, ita ce a hannuna yanzu, kyamarar nake so.

Ɗan Obalende:
Wa'alaikumussalam. Hajiya ki sayi Tecno ko Infinix sabuwa dal a kwali, har canji sai ya rage miki ki ƙara jari. Batirinsu 5000mAh ne, na iPhone 12 ko tana sabuwa 2815 ne. A garin nan da ba wuta?

Ummu Sadiq:
Malam ka karanta layinta na ƙarshe kuwa?

Garba Sulu:
345 ta yi tsada. Watan jiya na saya wa matata 12 a kan 295 a layin Otigba.

Aliyu GSM:
Garba, 295 a watan jiya? Ko dai 64GB ce, ko ba ta buɗewa da fuskar mai ita, ko an canza gilashi. Ni a kasuwar nake kullum, mai tsabta ko mu a sari ba ma samun ta haka. Hajiya, in kin ga 100 ba lallai cuta ba ce. Da yawa daga cikin kayan da ke shigowa an riga an canza musu batir tun kafin su iso Legas.

Alhaji Mai Albasa:
Hajiya, ki saurare ni da kyau, ni abin ya ci. Bara na je na sayi iPhone 11, yaron shagon ya buɗe min wajen batir da hannunsa, 100 cif. Har yana rantsuwa wai wata tsohuwa ce ta yi amfani da ita a Landan, kira kawai take yi. Na biya, ya rubuta min rasit, garantin mako ɗaya. Makon nan kuwa lafiya lau, sai dai tana ɗan ɗumi a aljihu, na ce zafin Mile 12 ne.

Da aka shiga mako na uku sai ta fara hali. Ina kallon 60, in amsa kira biyu, in duba in ga 38. Ranar da ba zan manta ba, ina da mota ta taso daga Aliero da albasa, kuɗina da na mutum biyu a ciki. Cikin dare motar ta lalace a Ogere. Direba yana ta nemana in tura kuɗin makanike da na kayan gyara, ni kuma na kwanta da waya tana nuna 46, ashe ta mutu tun kafin sha biyu. Sai da asuba na jona ta, saƙonni suka yi ta shigowa. Kafin a nemo makanike a kawo kaya daga Ibadan rana ta take, motar ta ƙara kwana a hanya. Wanda ya san albasa a cikin buhu ƙarƙashin tamfol ya san abin da nake faɗa. Wadda ta jiƙe da gumi sai da muka zube ta a ƙasa muka tsince, muka sayar da ita a wulaƙance. Ga shi ranar motoci sun shigo da yawa, kasuwa ta faɗi. Abin da na rasa ya sayi wayar nan sau uku, kuma har yau ɗaya daga cikin abokan cinikin nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Na koma shagon. Da farko ma ya yi kamar bai taɓa ganina ba. Da na fito da rasit sai ya nuna min kwanan wata, ya ce garanti ya wuce, kuma wai ni na kashe batirin da cajar banza. Na kai wa wani mai gyara ya buɗe a gabana. Batirin ya kumbura har ya fara ɗaga gilashi ta gefe, ga wani ɗan siririn abu an liƙa a kan igiyar batirin. Ya ce wannan shi ke sa ta yi ƙaryar 100. Tsohon batir ne, ba a canza komai ba. Ni dai na bar shi da Allah.

Ummu Sadiq:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Alhaji.

Baban Khalifa:
Allah ya kiyaye gaba. Amma Alhaji, ɗan kasuwa kamarka da mota a hanya, ba ka da 'yar rakani-kashi a ɗaya aljihun? Tawa tun Laraba rabonta da caji.

Alhaji Mai Albasa:
Ina da ita, a hannun yarona ta kwana a kasuwa. In abu zai faru ba ya shawara da kai.

Garba Sulu:
Kai ka gode wa Allah waya aka ba ka. Wani ɗan garinmu a ƙarƙashin gadar Ikeja ya saya a hannun yaran kan titi, ya je gida ya ƙi kunnuwa, aka buɗe aka tarar da fufu a ciki. Mun ce masa ya nemo miyar egusi kawai.

Injiniya Sabo:
Bari in yi bayani, don gyaran waya ne abincina. Kamfanin Apple da kansa ya ce batirin iPhone 14 zuwa ƙasa an yi shi ne ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Daga iPhone 15 ne suka ce 1000. Cikakken caji ba yawan jonawa ba ne: in kin ci rabi yau kin cika, gobe kin ci rabi kin cika, ɗaya ke nan aka ƙirga. To iPhone 12 ta fito ne a ƙarshen 2020. Ko da wanda ya riƙe ta bai daɗe da ita ba, batirin asali ba zai nuna 100 yau ba, domin ko a aljihun tebur aka ajiye batir yana tsufa.

Saboda haka 100 ɗin nan ɗayan uku ne. Ko an sa sabon batir gaba ɗaya, wannan in kin shiga setin, wajen bayanin waya, za ki ga tarihin kayan da aka canza, tun daga manhajar iPhone ta iOS 15.2 ake nunawa, kuma in ba na kamfani ba ne za ta rubuta cewa ba ta san shi ba. Ko an sa sabon ƙwayar batir amma aka ciro ɗan allon tsohon aka haɗa masa don kar wayar ta yi ƙorafi, wannan in ƙwayar mai kyau ce ba laifi. Ko kuma irin na Alhaji, wanda muke ce wa bustin: tsohon batir, lamba kawai aka gyara. Na biyu da na uku daga waje ba ki iya bambance su.

Ni da ƙanwata ce, mai 83 zan ce ta ɗauka, don ita ce ba a taɓa ba. Ta ajiye dubu talatin ɗin, ranar da ya sauka ƙasa da 80 ta zo a sa sabo a gabanta.

Aliyu GSM:
Ka ji mai gyara. Ta ɗauki mai 83 don nan da wata huɗu ta zo shagonka ko? Kuma wa ya ce maka 83 ba a bustin ɗinsa? Yanzu yara sun waye, sun san mutane na tsoron 100, sai su ɗaga mai 71 zuwa 86 ko 88.

Injiniya Sabo:
Wannan gaskiya ne, ana yi. Amma abin mamaki mai sayarwa ne ya san lambobin da ake zaɓa.

Aliyu GSM:
Malam Sabo ka iya bakinka. Shekarata nawa a kasuwar nan ba wanda ya taɓa kai ni ofishin ƙungiya. Ku da kuke cire batirin mutane na asali in an kawo gyaran sifika fa?

Sadiya Unilag:
Ku yi haƙuri yayyena. Anti, ki je da mai laftof a jona wayar da manhajar 3uTools, za ta nuna sau nawa aka yi cajinta.

Injiniya Sabo:
Ƙanwata, manhajar abin da allon batirin ya gaya mata shi take karantowa. In an goge lissafin, sifili za ki gani ko 12. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na hannu. A ƙure hasken gilashi, a kunna kyamara tana ɗaukar bidiyo minti goma sha biyar a cikin shagon, ki riƙe ta a tafinki. In lamba tana tsalle, ko bayanta ya yi zafin da ba kya son riƙewa, ajiye masa. Ki kwantar da ita ki duba gefe ko gilashi ya ɗago, ki duba ƙananan kusoshi biyu na wajen caji ko sukundireba ta cinye su. Mai shagon da ya hana ki wannan gwajin ya riga ya ba ki amsa.

Baban Khalifa:
Canjin batir ba dubu talatin ba ne. Dubu goma sha takwas na biya a Agege.

Ummu Sadiq:
Ni 45 aka caje ni a Ikeja, kuma na 11 ne ma.

Kawu Idi-Araba:
Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ni ba na sayen waya a Legas. In na je gida sai in shiga Farm Centre a Kano, wanda zai sayar min na san gidan ubansa.

Aliyu GSM:
Kawu da girmanka, kayan Farm Centre ɗin da yawa daga nan muke ɗora su a mota.

Musa Alaba Rago:
Tunda injiniya yana kusa, laftof fa? An yi min tayin HP tokumbo, mai ita ya ce tana awa huɗu.

Sadiya Unilag:
Yaya Musa, in Windows ce ka buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai fito da ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda yake ɗauka yanzu, sai ka kwatanta. Tawa awa huɗun aka ce min, ko lacca ɗaya ba ta kaiwa.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Alhaji, Allah ya mayar maka da ninkinsa. To Malam Sabo, in na ɗauki mai 83 ɗin, za ta kai ni yamma da caji ɗaya? Ina yawan ɗaukar bidiyo, kuma unguwarmu sai mu kwana biyu ba wuta.

Ɗan Obalende:
Ai matsalar ke nan, wutar. Duk batirin da kuke magana a kai an yi lissafinsa ne a ƙasar da ake jona waya a bango a kwanta. Mu nan janaretan maƙwabci, sai kiyos ɗin mai caji, waya hamsin a kan katako ɗaya ƙarƙashin kwano da rana tsaka. Su kansu Apple sun ce zafin da ya wuce digiri 35 yana lalata batir. Ko sabo fil ne, wata nawa zai yi?

Baban Khalifa:
Mai cajin layinmu ya mayar da waya ₦200, fawa bank ₦500. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 yake ƙari, ko an kawo wuta bai taɓa ragewa ba.

Kawu Idi-Araba:
Ku da ba ku da wuta ku gode wa Allah. Mu aka ce an sa mu a rukunin masu wuta na Band A, tun Afrilun 2024 da aka kai yunit ₦225, wai za a riƙa ba mu awa 20 a rana. Kuɗin dai suna cira cif. Awa ashirin ɗin ne ban taɓa ƙirga su sun cika ba.

Ummu Sadiq:
Kawu kai kana da mita ma. Gidanmu ɗaki goma sha biyu ne, takarda ɗaya ake kawowa a raba. Ni da fanka ɗaya da ƙwai biyu, kuɗina ɗaya da mai firiza tana sayar da ƙanƙara. In ka yi magana mai gida ya ce in ba ka so ga hanya.

Garba Sulu:
Mu an ce mu haɗa kuɗin gyaran taransifoma, kowane gida dubu goma. Wa ya san inda ake kai ƙara a kan wannan? Don wannan ne karo na biyu, kuma wanda ya karɓi na farko ya tashi daga unguwar.