Shin wahala kaɗai tana sa ma'aikata su gane cewa su aji ɗaya ne?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka yi nisa a nazarin aƙidar gurguzu. Idan gumin ma'aikata ne ke tara wa masu jari dukiya, kamar yadda Karl Marx ya yi bayani, me ya hana su haɗa kai su kifar da tsarin a Ingila ko Jamus, inda masana'antu suka fi bunƙasa, sai ga shi juyin juya halin ya auku a Rasha a 1917, ƙasar da mafi yawan jama'arta manoma ne?

Tsohon Ɗan Ƙwadago:
Wa alaikumus salam. Malam, Marx da kansa ya bambanta abubuwa biyu. Mutane suna iya zama aji ɗaya saboda halin da suke ciki iri ɗaya ne, ba tare da sun san haka ba, kuma ba sa zama ajin da ke fafutukar kansa sai sun gane cewa bukatarsu ɗaya ce kuma ta saɓa wa ta masu jari. A 1852 ya kwatanta ƙananan manoman Faransa da dankalin da aka zuba a buhu: suna wuri guda, amma babu abin da ya ɗaure wannan da wancan. A ganinsa masana'anta ce za ta gyara wannan, domin tana tara dubban mutane ƙarƙashin rufi ɗaya da mai gida ɗaya. A nan nake ganin ya ɗauki abin da sauƙi fiye da yadda yake.

'Yar Nazari:
Na gode, Baba, amma akwai abin da zan ƙara. A 1902 Lenin, wanda daga baya ya jagoranci juyin gurguzu a Rasha, ya ce idan aka bar ma'aikata su kaɗai, iyakar inda za su kai shi ne neman ƙarin albashi da rage sa'o'in aiki ta hanyar ƙungiyoyin ƙwadago, don haka dole jam'iyya mai tsari ta kawo musu wayewar siyasa daga waje. Rosa Luxemburg, 'yar gurguzu a Jamus wadda ta yi nazarin yaje-yajen aikin Rasha na 1905, ta fi amincewa da cewa a cikin gwagwarmayar ce mutane ke koyon darasin. Ni na fi karkata gare ta, ganin yadda jam'iyyar Lenin ta koma yin magana da sunan ma'aikata ba tare da ta saurare su ba.

Malamin Tarihi:
Babban cikas ga dukkan ɓangarorin biyu shi ne abin da ya faru a watan Agustan 1914, lokacin da jam'iyyar 'yan gurguzu ta Jamus, wadda ta fi kowace girma a Turai, ta amince da kuɗin yaƙi a majalisa, ma'aikatan Jamus da na Faransa suka tafi suna harbin juna. Kishin ƙasa ya rinjayi kishin aji. Antonio Gramsci, ɗan gurguzu na Italiya wanda gwamnatin Mussolini ta kama a 1926, ya yi ta juya irin wannan matsala a kurkuku, ya ce masu mulki ba da bindiga kaɗai suke riƙe jama'a ba, har da makaranta da jarida da majami'a, har talaka ya ɗauki tsarin tamkar haka duniya take. A Rasha, inji shi, hukuma ce komai, shi ya sa ta faɗi da hari ɗaya, alhali a yammacin Turai akwai ganuwa bayan ganuwa.