Taƙaitawa: wane bolum (razista mai murɗawa) ya dace da ikwalaizar haɗin gida?

Ga abin da masu haɗa amfilifaya a Katsina suka tsayar:

1. Kowa ya yarda: a da'irar Baxandall, wadda ke ƙara ko rage bes da tirebul, bolum B100K (na ohm dubu ɗari, mai harafin B, wanda ke canzawa daidai-wa-daida yayin murɗawa) ake sa musu, domin tsakiyar murɗawa ta zama ba ƙari ba ragi. Mai harafin A, da yake ba ya canzawa daidai-wa-daida, yana karkatar da tsakiyar. Wurinsa ƙarar murya.

2. Kada a dogara da rubutun jikin bolum, wasu tsofaffin na Turai harafinsu a juye yake. A murɗa zuwa tsakiya, a auna tsakanin ƙafar tsakiya da ta ƙasa (wadda ake jonawa da giraun): B zai ba da kusan 50K, mai harafin A kuma wajen 10K zuwa 15K.

3. An rabu kan jona razista 15K daga ƙafar tsakiyar B100K zuwa ƙasa don ya kwaikwayi A. Wasu sun gamsu, wasu sun ce yana yi wa matakin da ke turo sauti zuwa bolum ɗin nauyi.

Ƙarar ƙaiƙayi da ake ji idan an murɗa bolum kuwa, ƙurar hunturu ce, ko kafasita mai yoyon DC (lantarki mai tafiya hanya ɗaya).