Neman shawara: yis ɗina mai sec14-1 ya fara girma a digiri 37

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ɗaliba ce ni a Birnin Kebbi, ina aiki kan Sec14, furotin mai ɗaukar maiƙon PI da PC (nau'o'in maiƙo biyu na fatar ƙwayar halitta) a yis. Nau'ina sec14-1 ne, mai Sec14 da ke daina aiki in zafi ya yi yawa, wanda ya kamata ya girma a digiri 25, ya tsaya a 37. Yanzu yana girma a duka biyun. Ina matsalar take?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara da sa ma'aunin zafi cikin inkubeta, don in wuta na ɗaukewa da dare, ba 37 farantinki ke kwana ba. Amma na fi zargin zafin garin. Da bazara ɗaki a Kebbi yakan kai 37 ko ya wuce, to duk farantin da aka bari a kan tebur ana tace shi ne ba a sani ba: na asali su tsaya, masu sabon sauyin ƙwayar gado su mamaye. Sauyi a ƙwayoyin gado na KES1, SAC1, CKI1, PCT1 ko CPT1 yana sa yis ya rayu ko babu Sec14.

Amsa ta biyu: Na KES1 ya kamata ki fahimta sosai. Sec14 na taimaka wa furotin Pik1 ya samar da PI4P, wani maiƙo da yis ke buƙata, a Golji, sashen ƙwayar halitta mai tsara furotin da aika su. Furotin Kes1 kuwa, wato Osh4, yana kai maiƙon sitirol Golji, ya kwaso PI4P zuwa ER, wani sashen ƙwayar halitta, inda furotin Sac1 ke rushe shi. In Kes1 ya lalace, ɗan PI4P ɗin da ya saura sai ya wadatar.

Ga gwaji mai sauƙi. Ki haɗa yis ɗin naki da wani sec14-1 mai kishiyar jinsi. In abin da suka haifa ya kasa girma a 37, sauyi ne mai ɓuya irin waɗannan, wato wanda lafiyayyar ƙwayar gadon ɗayan yis ɗin ke rufewa. Sannan ki shuka yis ɗin naki a farantin da babu sinadarin inositol. Mai matsalar SAC1 ba zai girma ba, kuma sanyi na hana shi girma.

Amsa ta uku: 'Yar'uwa, kada ki ci gaba da wannan farantin. Koma ga ajiyar gilisarol ta firiza, ki shimfiɗa a YPD, abincin shuka yis, a digiri 25, ki zaɓi koloni guda-guda. Daidaita OD600, ma'aunin yawan yis a ruwa, zuwa 0.5, ki tsarma kashi ɗaya cikin goma sau huɗu a jere, ki ɗiga mikirolita 5 na kowanne a faranti biyu, ɗaya a 25 ɗaya a 37, tare da yis lafiyayye don kwatanci. Ki duba bayan kwana 2 zuwa 3. Wanda ya sauya ɗin ma ki adana shi daban, zai yi amfani a bincikenki.