Tauraron ya ƙi bin hanya, ga Asabar ta matso

Mai tambaya: Assalamu alaikum ƴan'uwa, ku taimaka min. Ni ɗinki na gada, zanen kwamfuta da daddare na koye shi, har yau Baba gani yake wasa ne. Kwamfutar ma ta yayana ce, da zai tafi Yamai ya bar min. Wani malamin lakwal ya ba ni kafin alƙalami in yi masa bidiyon tauraron ɗan'adam Landsat 8 yana zagaya duniya, don ɗalibai su ga yadda ake ɗaukar hoton gonaki da Gulbin Maradi daga sama. Na haɗa a manhajar zane ta Blender, ya kalla ya ce ba haka yake tafiya ba. Kuma kafin bidiyon ya gama fita wuta ta ɗauke. Asabar zan miƙa.

Malamin kimiyya: Ƙanena, ko ban gani ba na san ta kwankwason duniya ka zagaya da shi. Landsat 8 ta ƙuryar arewa da ta kudu yake bi, a nisan kilomita 705, zagaye ɗaya minti 99. Duniya ce ke juyawa a ƙarƙashinsa, sai bayan kwana 16 yake sake bin layin da ya bi. Rusa ka sake.

Mai tambaya: Malam, da gangan na nisanta shi. In ya matso ba ya kyau.

Malamin kimiyya: To Meteosat, tauraron duba yanayi, ka zana ke nan, mai nisan kilomita 36,000, shi kuwa kullum saitin wuri ɗaya yake. Jikin tauraron ka ƙara masa girma, wannan kowa na yi, amma hanyarsa kada ka taɓa.

Mai gyaran waya: Kada ka rusa komai, yara ne za su kalla. A injinan fitar da bidiyo na Blender, bar Cycles ka koma Eevee, ka fitar da shi hoto-hoto, in wuta ta dawo ka ɗora daga inda ya tsaya.

Wata ƴar'uwa: Karɓi cikon kuɗinka tukuna. Ni katin biki na yi wa wasu tun kafin azumi, har yau "gobe" nake ji.

Malamin kimiyya: Don yara ne ma ya sa ba za a koya musu kuskure ba.

Mai tambaya: Ai shi bai ce min ta arewa yake so ba. Kuma Eevee na ɓata min gajimaren. Akwai mai sola kusa da babbar kasuwa da zai bar ni in kwana a shagonsa?