Gadu sun addabi gonata, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Gonata tana gefen dajin Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri, kuma bana gadu sun hana ni sakat. Da sassafe suke shigowa garke guda, su durƙusa su yi ta tonon kunya da hanci, su tumɓuke rogo, gyaɗa kuwa ba a magana. Na yi shingen ƙaya, sun haƙa ta ƙasa. Na rataya gwangwanaye, sun saba da ƙarar.

Guba ba zan sa ba, shanun makiyaya na bi ta wurin. Harbi kuma akwai doka. Don Allah, wanda ya taɓa haƙa rami kewaye da gona, ko ya sa wayar lantarki mai sola, yana tare su kuwa? Nawa ya kashe?