Furodusa yana so in mayar da kashi 13 zuwa 26: in yarda ko in ƙi?

Ɗan Rikkos:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan sana'a. Na rubuta shiri mai dogon zango, kashi 13, a kan wani dillalin kayan gwari a Farin Gada wanda rowa ta raba shi da danginsa, na kuma tsara halinsa ya riƙa sauyawa a hankali, har kashi na 11 inda ya biya wa ƙaninsa kuɗin asibiti ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Furodusan ya yaba, amma ya ce a ja labarin zuwa kashi 26, domin a YouTube yawan kallo ne ke kawo kuɗi, zai kuma ƙara mini naira dubu 150. Tsorona shi ne mutumin ya shafe wata shida yana rowa iri ɗaya har masu kallo su gaji da shi. Ranar Litinin zan ba da amsa.

Dattijon Gangare:
Ɗana, mu da muka kalli Karkuzu a NTA Jos mun san cewa tsawo ba shi ne daɗin wasa ba. Talabijin ɗaya ce a layinmu, mai gidan yakan fito da ita tsakar gida ya ɗora a kan turmi, mu yara mu zauna a tabarma cikin sanyin Jos, kuma abin da muka gani a daren shi za mu yi ta maimaitawa har mako ya zagayo. Haka Samanja, Allah ya jiƙan Usman Baba Pategi, da ya buɗe baki ka san ko wane ne.

Maman Biyu:
Ƙanena, kada ka yarda. Ni na yarda, kuma har yau abin yana ci mini rai. Kashi 15 na rubuta, aka ce in ƙara goma, na ƙirƙiro kishiya da ba ta da wani aiki a labarin sai harara da habaici. Ana tsakiyar ɗauka jarumar ta sami saɓani da furodusa ta tafi, aka kawo wata aka ba ta sunan, alhali ba su yi kama ko a murya ba. Yarinyar da na gina mai haƙuri da kawaici ta wayi gari tana zage-zage, domin abin da sabuwar ta fi iyawa ke nan. Da rubutu ya ƙare sai suka koma cika lokaci da waiwaye, a nuna maka abin da ka gani makon jiya, a sa kiɗan tausayi, mota ta yi minti uku tana shiga gida. Rabin kuɗina aka ba ni, a zango na biyu kuma aka cire sunana. Mahaifiyata ce ta kira ni daga Bukuru tana tambaya ko ni na lalata yarinyar nan, na rasa abin da zan ce mata.

Mai Kyamara:
Allah ya saka miki, Yaya. Amma dubu 150 a kan ƙarin kashi 13 raini ne. Marubucin da muka yi aiki da shi bara dubu 30 yake karɓa a kowane kashi.

Ɗalibin Fim:
Wannan farashin ba na nan ba ne. Ni dubu 8 aka ba ni, na kuma gode. Sai tasha ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 kafin YouTube ya fara biya, don haka furodusan ba mugunta yake yi ba, neman mayar da jarinsa yake yi.

Mai Kyamara:
Malam, ka bari ka gama karatu tukuna. Wanda bai taɓa kwana a lokeshan ba bai kamata ya yanke wa mutane farashi ba.

Hajiyar Anguwar Rogo:
To mu masu kallo fa, ba mu da ta cewa? Ai don mu ake yi. Akwai wadda ta sami juna biyu a wani shiri lokacin da surukata ke da nata, yanzu jikana yana tafiya har yana kiran sunana, ita kuwa har yau tana kwaɗayin tsamiya.

Dattijon Gangare:
Hajiya, kin faɗi gaskiya. Abin da ya fi damuna ma talla ce. Za a zo daidai inda uba zai yi wa ɗansa magana mai nauyi, sai a yanke a kawo mai maganin basir, ga yara a zaune.

Hajiyar Anguwar Rogo:
Wallahi, Baba, na taɓa dubawa, shirin awa ɗaya kusan kashi ɗaya cikin uku talla ne da maimaici, kuma da kuɗin datarmu muke kallonsu.

Ɗan Rikkos:
Na gode, iyayena da yayyena. Shin idan na nemi a tsaya a kashi 18, kuma a rubuta yarjejeniya cewa ba za a taɓa halin dillalin ba sai da sanina, akwai wanda ya taɓa gwada haka?

Mai Kyamara:
Hajiya, ba ki ga wanda jarumin da kansa yake tsayawa ana cikin rigimar gado ya fara tallar fili ba? Ni na riƙe kyamarar a ranar, kuma sau huɗu aka maimaita ɗaukar saboda mai filin yana tsaye a bayana.