Neman shawara: in yi amfani da jaridun Landan wajen rubutu kan siyasar Ayilan?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta kundin kammala digiri kan gwagwarmayar mutanen Ayilan a ƙarƙashin mulkin Birtaniya a ƙarni na 19. Yawancin abin da nake samu jaridun Landan ne, kuma abin da ke ciki yana sosa mini rai. A mujallar Punch sai ka ga an zana ɗan Ayilan da muƙamuƙi irin na biri, ga makami a hannu. In watsar da su gaba ɗaya, ko akwai yadda zan yi da su?

Wani malamin tarihi: Wa alaikumus salam. Kada ka watsar, ƙanena. Hujja ce babba, amma kan yadda Landan ke son a kalli 'yan Ayilan. Duba zanen da Punch ta buga a Disambar 1845, ciwon dankali ya fara cinye gonaki: ta zana Daniel O'Connell, jagoran siyasar 'yan Ayilan a lokacin, a siffar ƙaton dankali, wai shi ne ainihin annobar ƙasar. Yunwar da ciwon dankalin ya jawo ta kashe mutum kusan miliyan 1. A 1882 kuma, bayan kisan Lord Frederick Cavendish da Thomas Burke, manyan jami'an gwamnatin Birtaniya a Ayilan, a filin shaƙatawa na Phoenix Park da ke Dublin, mai zanen Punch John Tenniel ya zana Charles Stewart Parnell, jagoran 'yan kishin ƙasar Ayilan a majalisar Birtaniya, a tsugune gaban dodon da wai Parnell ɗin ne ya ƙirƙira. Kowane zane ka fara tambaya: wane rikici ake ciki a makon da ya fito?

Wata 'yar jarida: Malam ya yi gaskiya, amma ka yi hattara da labaran su ma. A 1887 jaridar The Times ta buga wasiƙar da ta ce Parnell ya rubuta yana goyon bayan wancan kisa. A 1889 wani ɗan jaridar Ayilan, Richard Pigott, ya amsa cewa shi ya ƙirƙiro ta, ya gudu Madrid ya kashe kansa. Jaridar ta biya Parnell fam 5,000. Shekara biyu mutum na yawo da tabon da bai ji ba bai gani ba!

Wani ɗalibi: Yaya, nemi jaridun 'yan Ayilan ɗin ma. Akwai The Nation da aka kafa a 1842 da Freeman's Journal da United Ireland.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Zan fara da batun Pigott, in jera abin da kowane ɓangare ya buga a kansa.